IN KWAMFUTA TA TSAYA, A KARANTA KAFIN A SHARE



Hirarmu ta yau bisa kwamfuta ce, wadda wasu ke kira ordinater, irin ta bisa tebur, mai akwati da gilashi da kilabiye da ɓera. Ana samunta a ma'aikatar magajin gari, da gidan likita, da makarantu, da ƙungiyoyin manoma, har da wasu cibiyoyin yaƙi da jahilci. Cikinta ake ajiye sunayen ɗalibai, da lissafin takin da aka ba manoma bashi, da kuɗin adashin mata. Ranar da ta ƙi tashi, hankalin kowa sai ya tashi. A ɗauke ta a kai ma mai gyara, shi kuwa ya ce magani ɗaya ne, a yi mata formataj, wato a share diski ƙaf a sake zuba manhaja. Kwamfuta ta dawo tana aiki, amma lissafin shekara uku ya tafi. Wanda ya biya bashi ba shi da shaida, wanda bai biya ba ya ce ya biya, rigima ta shiga tsakanin ƴan ƙungiya.

To, ku riƙe wannan magana tun daga farko. Akwati ana sayen wani, manhaja ana sake zuba wata, amma takardun da kuka rubuta babu kasuwar da ake sayar da su. Kuma kwamfuta, in ba ta da lafiya, sau da yawa takan rubuta ciwonta bisa gilashi. Wanda ya iya karatu ya riga ya yi rabin gyara.

MECE CE LINUX?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita, kamar yadda maigida ke tafiyar da gida. Wadda aka fi sani ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft. Akwai wata kuma da ake kira Linux. Wani ɗalibi ne na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyarta a shekarar 1991, aka haɗa ta da aikin GNU wanda Richard Stallman ya soma a Amurka a 1983. Bambancinta shi ne a buɗe take. Kowa na da izinin duba yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya kwafa ya ba maƙwabcinsa, ba sata ba ce. Kamar rijiyar gari take, wadda aka haƙa da aikin gayya.

Tana da iri iri. Akwai Debian, tun 1993. Akwai Ubuntu, wadda wani mutumin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da ita a 2004. Kalmar ubuntu a harshen Zulu tana nufin mutumtaka. Akwai Linux Mint, tun 2006, wadda aka gina bisa Ubuntu. Bayanin da za mu yi ya shafi Ubuntu da Mint. Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin kwamfutoci da ba su iya ɗaukar Windows 11 sun samu mafaka wurin Linux. Da tsohuwar zuma ake magani.

KAYE DA TAMBAYA UKU

Kayan gyara na farko shi ne kaye da alƙalami. Ku ajiye kaye guda kusa da kwamfuta. In matsala ta zo, kada ku taɓa komi sai kun amsa tambaya uku kun rubuta. Yaushe ta yi aiki lafiya na ƙarshe? Me ya canza daga nan: an ɗauke wuta, an gusa da tebur, an sa sabon kile, ko an sabunta manhaja? Me ta rubuta bisa gilashi?

Rubutun na iya zama da Faransanci ko da Ingilishi, ba ku gane ma'anarsa ba. Ba komi. Ku kwafe shi harafi bayan harafi, kamar yadda muke yi a aji, ko ku ɗauki hotonsa da wayar hannu. Bayan haka ku bi gyara daki daki, daga waje zuwa ciki: wuta, sannan wayoyi, sannan akwati, manhaja daga ƙarshe. Ku gwada abu ɗaya kaɗai a lokaci ɗaya, domin in kun taɓa abu uku tare ta tashi, ba za ku san wanne ne ya yi magani ba.

IN TA ƘI TASHI SAM

Kun danna maɓalli, ba haske, ba ƙarar fanka. Ku fara da bango: ku jona cajar waya ko rediyo a wurin, ku gani ko akwai wuta. Ku duba wayar ƙari, domin ita ce ta fi saurin lalacewa. Ku duba bayan akwati, ku tura wayar wuta ta shiga sosai. Wasu akwatuna suna da ƙaramin makunni a nan mai alamar 1 da 0, ya kasance bisa 1.

Ga gargaɗi bisa tsofaffin kwamfutoci da suka yi aiki a Amurka. Wasu suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Wutar ƙasarmu 220 ce, saboda haka lalle ya tsaya bisa 230. In an jona yana bisa 115, akwatin wutar da ke ciki zai ƙone nan take.

In fanka na juyawa amma gilashi baƙi ne, ku duba ko gilashin kansa a kunne yake, da wayar da ta haɗa shi da akwati. In kuwa akwati na kuka ƙit ƙit ƙit da an kunna, sau da yawa katin ƙwaƙwalwa ne, wanda ake kira RAM, ƙura ta shiga ƙarƙashinsa. Wanda ya taɓa ganin an yi yana iya yi: a cire wayar wuta daga bango, a buɗe murfi, a taɓa ƙarfen akwati da hannu, a buɗe maƙalai biyu na gefe a zare katin, a goge bakinsa mai ruwan zinariya da gom a hankali, a mayar da shi har ya yi ƙas. Abu guda ne ba a buɗewa ko kaɗan, shi ne ƙaramin akwatin ƙarfe da wayar wuta ke shiga. Yana riƙe wuta ko bayan an cire shi daga bango, yana iya halaka mutum.

ZAFI DA ƘURA

In kwamfuta na aiki sai ta mutu da kanta bayan ɗan lokaci, fanka na ihu, zafi ne. Kare kanta take yi kada ta ƙone. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40 a garuruwanmu, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta toshe kafofin iska. Kada ku ajiye akwati a ƙasa, ku ɗora shi bisa tebur ko benci. Ku bar tazarar taƙi guda tsakaninsa da bango. Ku rufe shi da zane in an kashe, amma ku yaye zanen in yana aiki. Bayan hunturu, a fitar da shi waje a hure ƙurar da famfon keke ko injin hura iska, ana riƙe da fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa. Ba a sa ruwa, ba a sa jiƙaƙƙen tsumma. Da damina kuma, in hadari ya taso da tsawa, a kashe a cire waya daga bango.

BAƘIN GILASHI BAYAN ƊAUKE WUTA

Wannan shi ne ciwon da ya fi ba mutane tsoro, kuma a nan ne aka fi yin asarar takardu a banza. An ɗauke wuta kwamfuta na cikin aiki. Da aka maido, maimakon hotunan da kuka saba gani, sai farin rubutu bisa baƙin gilashi, da wata kalma a ƙasa, initramfs.

Ga abin da ya faru. Diski kamar rumbu yake, yana da littafin da ke nuna inda aka ajiye kowane kaya. Wuta ta yanke ana cikin rubuta littafin, shi ya sa Linux ta ƙi shiga rumbu sai an daidaita shi. Kayanku suna nan. Ku karanta layukan da ke sama, za ku ga kalmar fsck, da sunan sashen diski da ke da matsala, misali /dev/sda2. In ba ku gani ba, ku rubuta exit ku danna babban maɓallin Entrée, saƙon zai fito. Sai ku rubuta haka, da sunan da taku kwamfuta ta nuna:

fsck -y /dev/sda2

Ku danna Entrée, ku bar ta ta gama, sannan ku rubuta reboot ko exit. Ku lura Linux tana bambanta babban harafi da ƙarami, kuma tazarar da ke tsakanin kalmomi tana cikin umarni. Wani lokaci a wannan wuri kilabiye kan juye, ku danna a ya fito q. Ku riƙa kallon abin da ya fito bisa gilashi, ba abin da ke rubuce bisa maɓalli ba.

Amma in diski na ƙara ƙyas ƙyas, ko wannan matsala tana dawowa ba tare da an ɗauke wuta ba, to diskin ne ya tsufa. Ku bar gyara, ku fara kwashe takardu. Ƙungiyar da ke da hali ta sayi ondiler, wanda ke riƙe wuta na ƴan mintoci har a kashe kwamfuta ta hanyar da ta dace.

KALMAR SIRRI TA ƘI SHIGA

Kafin ku ce wani ya canza maku ita, ku duba abu uku. Maɓallin manyan haruffa yana kunne? Maɓallin lambobi na gefen dama yana kashe? Na uku shi ne tsarin kilabiye. Irin na Faransa layinsa na sama yana farawa da AZERTY, irin na Ingila da Amurka, wanda ke shigo mana ta Najeriya, yana farawa da QWERTY. In manhaja ta ɗauki wannan a matsayin wancan, a da q za su yi musaya, z da w ma haka, m ya bar wurinsa, lambobi su rikice. A kusurwar gilashi akwai ƙaramar alama, fr ko en. Ku maida ta daidai ku sake gwadawa.

NAUYI, DASKAREWA DA CIKAR RUMBU

In manhaja ɗaya ce ta daskare, ku ba ta minti biyu ko uku. In ba ta farfaɗo ba, ku buɗe Moniteur système, ku nemi sunanta ku tsayar da ita. Kada ku yi saurin zare waya daga bango, domin abin da ɗauke wuta ke yi ma diski shi zare waya ke yi. Danne maɓallin kunnawa har ta mutu shi ne dabara ta ƙarshe. Tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar giga 2 ko 4 ba ta son a buɗe shafukan intanet barkatai. Irinta ta fi jin daɗin Linux mara nauyi, kamar Lubuntu, ko Xubuntu, ko Mint Xfce.

Akwai kuma cikar diski. In an cika shi da finafinai da waƙoƙi har ba sauran wuri, kuna iya sa kalmar sirri daidai, gilashi ya yi baƙi, ya maido ku bakin ƙofa. Ku danna Ctrl da Alt da F3 tare. Ku rubuta sunan da kuke shiga da shi, sannan kalmar sirri. Ba za ku ga komi na fitowa ba lokacin da kuke rubuta ta, haka tsarin yake. Sai ku rubuta df -h. Ku nemi layin da ya ƙare da alamar / kaɗai. In kun ga 100%, kun gano ciwo. Ku rubuta sudo apt clean, wanda ke zubar da ragowar kayan sabuntawa, sannan sudo reboot. In kun samu shiga, ku kwashe finafinan, ku zubar da kwandon shara, domin abin da ke cikin kwando yana nan yana cin wuri.

Kalmar sudo tana nufin kuna magana da ikon maigida. Kada ku rubuta umarnin da ba ku san aikinsa ba don kawai wani ya aiko maku. Ku yi hattara musamman da rm: abin da ya share ba ya zuwa kwando.

SABUNTAWA DA TA YANKE

Lokaci lokaci Linux kan nemi a sabunta ta. Abu ne mai kyau, yana toshe kafofin da ɓarayi ke bi. Amma kada a fara shi da hadari a sama, ko lokacin da aka saba ɗauke wuta. In ya yanke a tsakiya, ku danna Ctrl da Alt da T, ƙaramar taga ta rubuta umarni za ta buɗe. Ku rubuta sudo dpkg --configure -a ya gama, sannan sudo apt -f install. Su biyun suna ƙarasa aikin da aka bari rabi.

In kuwa bayan sabuntawa ne ta ƙi tashi, tsohuwar zuciyarta tana nan a ajiye. Da kun kunna, ku danne maɓallin Maj, ko ku riƙa taɓa Échap, har jerin zaɓi ya fito. Ku shiga Options avancées, ku zaɓi mai ƙaramar lamba. Ku sani kuma kowane fitowar Ubuntu yana da wa'adi. Masu alamar LTS suna fitowa cikin Afrilu duk bayan shekara biyu, kamar 22.04 a 2022 da 24.04 a 2024, ana kula da su shekara 5. Irinsu ya dace da ma'aikata.

INTANET DA INJIN BUGA TAKARDA

In intanet ta ƙi, ku duba waya da hasken ƙaramin akwatin intanet, ku kashe shi ku sake kunnawa. Kuna iya jona wayar hannu ta Android da wayar caji, ku kunna raba intanet ta USB. Linux takan gane ta ba tare da an zuba komi ba. In kuwa kowane shafi na cewa ba shi da aminci, ku dubi kwanan wata a kusurwar gilashi. In ya koma shekarun baya, ƙaramin pil ne da ke cikin akwati ya mutu. Kamar kwabo yake, lambarsa CR2032, masu gyaran agogo kan sayar da shi.

Injin buga takarda in ya ƙi, kada ku yi ta danna umarni sau goma, domin ranar da ya farka sau goma zai buga. Ku duba takarda da tawada da waya. Ku shiga Imprimantes, ku soke ayyukan da suka taru, ku duba ko an dakatar da injin, ku sake kunna shi.

HARUFFANMU MASU ƘUGIYA

Wannan ya shafe mu, malamai da ɗalibai. Kun san bari daban, ɓari daban, kuma kafa ba ƙafa ba ce. Kilabiye ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, amma kowane harafi yana da lambarsa: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4. Manyansu kuma: Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198, Ƴ 01B3. Cikin LibreOffice, manhajar rubutu da ake samu a Ubuntu da Mint, ku rubuta lambar ita kaɗai, ku danna Alt da X, sai ta rikiɗe ta zama harafi. A wurare da dama kuma ana danna Ctrl da Maj da U, a rubuta lambar, a danna Entrée. Mai rubutu da yawa ya shiga wurin tsara kilabiye ya ƙara na Hausa, akwai shi cikin jerin. In harafin ya fito kamar ɗan akwati, zanen rubutun ne bai san shi ba. Ku canza zuwa DejaVu, ko Andika, wanda aka zana musamman domin masu koyon karatu. In za ku kai takarda a buga a wani wuri, ku maida ta PDF, haruffa ba za su canza ba.

KAFIN A KAI MA MAI GYARA

Wani ciwo ya fi ƙarfin gida, a nan sai mai gyara. Ku tafi da kayenku, ku faɗa mashi gaskiyar abin da ya faru, ko da ruwa ne ya zuba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sannan ku kafa mashi sharaɗi guda: ba formataj sai an kwashe takardu. Hanyar tana nan. Linux tana iya tashi daga kile, ba ta taɓa diski ba. A sa kilen, a zaɓi gwadawa, kada a zaɓi zubawa, a buɗe diski a kwafe dosiyen da ake kira home zuwa wani wuri. Ku buɗe takarda biyu ko uku cikin kwafin da idonku kafin ku ba da izinin sharewa.

Amma rigakafi ya fi magani. Ku tsayar da rana guda a mako, a ce Alhamis, a kwafe takardun ƙungiya bisa kile biyu. Ɗaya ya kwana a ma'aikata, ɗaya a gidan ma'aji ko shugaba. Kada a zare kile sai an ba da umarnin cirewa. Lissafin kuɗi kuwa a riƙa buga shi bisa takarda ƙarshen kowane wata, a sa hannu. Ku sani kuma cutar nan ta Windows da ke ɓoye takardu cikin kile ba ta aiki bisa Linux, har sau da yawa a nan ake ganin takardun da aka ce sun ɓace. Sai dai kilen na iya ɗaukarta ya kai ma kwamfutar wani.

TAMBAYOYI DOMIN ƘUNGIYOYIN SAURARO

1. In kwamfutar ƙungiyarku ta mutu yau, a ina kuma ake da sunaye da lissafi?
2. Wa ke da nauyin kwafe takardu, kuma wace rana?
3. Mutum nawa suka san kalmar sirri? In mai ita ya yi tafiya, yaya za a yi?

Malaman cibiyoyi, ku rubuta ma ɗalibai df -h bisa allo, su kwafa a kaye, ku duba ko sun bar tazara bayan f. Ku sa su rubuta lambobin haruffa takwas masu ƙugiya bisa takarda, a manna ta a bango kusa da kwamfuta. Wanda ya gamu da saƙon da bai gane ba, ya kwafe shi ya ba malamin cibiyarsa ya aiko mana, za mu amsa cikin shiri. Matambayi ba ya ɓata.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.